Darasi na 9: Yadda Ake Haɗa Doguwar Garkuwa Mai Tsini ta Mayaƙan Turai

A garin Bayeux da ke arewacin Faransa an daɗe ana adana wani dogon ƙyallen lilin mai tsawon kusan mita 70, wanda aka yi wa aikin allura da zaren ulu launi-launi. Labarin da ke jikinsa shi ne yadda William, mai mulkin Normandi, ya tsallaka teku ya ci Ingila da yaƙi a fagen Hastings ranar 14 ga Oktoba, 1066, ranar da aka kashe Sarki Harold na Ingila. Wanda duk ya bi hotunan da ido zai ga abu guda yana ta maimaituwa a hannun mayaƙa, na doki da na ƙasa, Normawa da mutanen Ingila: wata doguwar garkuwa mai zagayayyen kai, tana tsukewa sannu a hankali har ta ƙare da tsini daidai ƙwauri, kamar ɗigon ruwan da aka kifa. Turawan baya sun raɗa mata sunan abin wasan yaran nan na takarda da ake sakar wa iska da zare, don sun ga kama. Mu a wannan darasi garkuwa mai tsini za mu kira ta.

Ba Normawa kaɗai suka riƙe ta ba. Hotonta ya soma bayyana a littattafan Turai wajen shekara ta 1000, kafin ƙarni guda ya cika kuwa ta bazu daga Sifen har daular Rumawa ta Ƙusɗanɗiniyya. A Alƙahira, a jikin ƙofar Babun Nasr da waziri Badar al-Jamali ya gina a 1087, an sassaƙa siffarta a dutse tare da garkuwoyi masu zagaye, suna nan har gobe. Anna Komnene, 'yar Sarkin Rumawa Alexios, wadda ta yi zamani da yaƙin Salibiyya na farko, ta siffanta garkuwar mayaƙan Yamma a littafin tarihin mahaifinta, cewa mai faɗi ce a sama, mai tsini a ƙasa, mai ɗan lanƙwasa ta ciki, sumul tana ƙyalli ta waje. Ta kuma ba da labarin cewa a yaƙinsa da su mahaifinta ya umarci maharbansa su riƙa auna dawaki su ƙyale mahaya, domin kibiya ba ta cika cin mai sulke da irin wannan garkuwa ba. Wannan shaida daga bakin abokan gaba ta fito, shi ya sa take da nauyi.

Abin da darasin nan yake so ku fita da shi guda ɗaya ne. Garkuwa kaya ce da mutum zai ɗauka a hannu ɗaya ya yini da ita, kamar yadda aka yi a Hastings tun hantsi har faɗuwar rana. Don haka gwanin da ya san aikinsa ba ya neman ƙarfi a wurin kaurin katako ko a wurin ƙarfe. A wurin auren abu biyu yake nemansa, waɗanda kowannensu shi kaɗai rarrauna ne, wato siririn katako marar nauyi da ɗanyar fata, gam kuma shi ne mai ɗaura auren. Duk matakin aikin da za mu bi daga wannan ƙa'ida ya samo asali, kuma mafi yawan kurakuran masu koyo daga mance ta suke tasowa.

Awo daga jikin mai garkuwar yake farawa. Mahayin ƙarni na 11 yana sanye da sulke mai kaiwa gwiwa da kwalkwali mai ɗan ƙarfe a bisa hanci, amma ƙafafun yawancinsu a buɗe suke. Hannun dama na riƙe da mashi ko takobi, yana iya kare wancan ɓangaren. Hannun hagu yana kan linzami, saboda haka gefen hagu tun daga wuya har ƙwauri shi ne a fili. To, sai a tsayar da mutum a auna daga haɓarsa zuwa ƙasan gwiwa, wanda ga matsakaicin namiji zai kama tsakanin santimita 110 da 125, a kuma auna faɗin da zai rufe kafaɗunsa, santimita 50 zuwa 60. A samu babbar takarda a ninka ta biyu a tsaye, a zana rabin siffar a yanka, in aka buɗe gefe biyun za su zo daidai. Ku lura da abin da tsinin ya yi. Ƙirji yana bukatar faɗi, ƙafa kuwa siririya ce, sai aka zubar da kusurwoyi biyu na ƙasa waɗanda da nauyi kawai za su ƙara. Siffar ita kanta dabarar rage nauyi ce tun ba a taɓa itace ba. Akwai masu cewa don mahaya kaɗai aka ƙirƙiro ta, amma ƙyallen Bayeux ya nuna dakarun Harold a ƙasa sun jera irinta kafaɗa da kafaɗa sun yi katanga. Dakare ma ƙafarsa ta hagu yake sawa gaba, tsinin ya rufe ta, in ya gaji kuma ya kafa shi a ƙasa ya huta.

Sai zaɓen itace. Masu wannan sana'a a Turai sun fi son itatuwa masu taushi marasa nauyi, irin su lindin da alda da fofla. Yawan amfani da lindin ya kai har tsofaffin mawaƙan Ingila sukan kira garkuwa da sunan itacen kawai. Ɗaya daga cikin tsofaffin garkuwoyin mahaya da suka rage a duniya ita ce wadda aka samu a gidan ibada na Seedorf a ƙasar Suwizalan, ta wajen shekara ta 1200, wadda ake danganta ta da Arnold na Brienz, yanzu tana hannun gidan tarihin ƙasar. Da katakon alda aka yi ta, kaurinsa kimanin milimita 15, aka lulluɓe shi da fata. Garkuwoyi masu zagaye da aka tono tare da jirgin ruwan Gokstad a Norwe, na wajen shekara ta 900, kaurinsu bai ma kai santimita ɗaya ba, kuma suna ƙara sirancewa wajen baki. Kafintan da zai gwada wannan aiki a ƙasarmu ya nemi mai sauƙi irin obece ko malaina, ya bar ƙirya da maɗaci ga masu turmi da ƙofa. Ya kuma tabbata katakon ya bushe ƙayau, domin ɗanyen katako zai motse bayan an haɗa, ya buɗe kowace gaɓa.

A nan ne mai hankali zai tsayar da mu ya ce, in ana batun tsare rai, me ya hana a yi ta da ƙarfe, ko aƙalla da itace mai tauri? Tambayar tana bisa hanya, lissafi ne zai amsa ta. Garkuwa mai tsawon santimita 120 da faɗin 55, in an cire kusurwoyin da aka zubar, fuskarta ta kusa rabin murabba'in mita. In aka yi ta da lindin mai kaurin santimita ɗaya, katakon zai yi kilo biyu da 'yan kai. In aka yi da itacen ok, mai taurin da Turawa suke gini da jiragen ruwa da shi, zai haura kilo uku. In kuwa farantin ƙarfe ne, ko da kaurinsa milimita biyu ne kacal, zai kai kilo bakwai, ba a sa maɗauri ko ɗaya ba tukuna. Wanda yake ganin bambancin kaɗan ne ya cika galan mai cin lita huɗu da ruwa, ya lanƙwasa hannun hagu ya riƙe shi daidai ƙirji na minti goma. Zai ji kafaɗa ta ɗau zafi, hannun yana sauka da kansa ba da izininsa ba. Garkuwar da ta sauka daga fuska a daidai lokacin da sara ya zo ba ta tsare kowa ba, komai ƙarfinta. Ban da haka, tauri da jure sara ba abu ɗaya ba ne, kuma mai faskare ya fi kowa sanin wannan. Akwai itace mai tauri da gatari ɗaya zai raba shi biyu bin jijiya, akwai kuma mai taushi da gatarin zai nutse ya maƙale, sai an yi ta jijjiga kafin a zare. Na biyun nan shi ake so, domin takobin da ya maƙale a garkuwa ya bar mai shi a fili.

Itace guda mai faɗin rabin mita ba ya samuwa da sauƙi, in ma an samu murɗewa yake yi. Saboda haka filankai huɗu zuwa shida ake jerawa a tsaye, baki da baki. Nan ne wurin haƙuri. Ana goge bakin kowane filanki har sai in an haɗa biyu an ɗaga su ga hasken rana, ko siririn haske bai ɓullo ta tsakani ba. Gam ba ya cike rami, abu biyu da suka riga suka dace yake riƙewa. Lanƙwasar garkuwar ma daga wannan gaɓa ake samo ta. Maimakon a goge bakin a miƙe, sai a ɗan karkata shi kaɗan, yadda masu haɗa gangar katako suke yi, ta yadda filankan in sun haɗu za su yi baka da kansu. A tanadi mazauni na haƙarƙari uku ko huɗu da aka yanka da irin lanƙwasar da ake so, zurfinta a tsakiya santimita biyar zuwa takwas, a kwantar da filankan a kai, a shafa gam, a ɗaure da igiya, a cusa 'yan gutsattsarin katako ƙarƙashin igiyar har ta yi tam. Amfanin lanƙwasar uku ne a haɗe: tana rungumar jiki, tana sa bakin mashi ya goce gefe, tana kuma ƙara wa siririn katako ƙwari ba tare da ƙarin nauyi ba. Ku ɗauki takarda a kwance za ta langaɓe, ku ɗan lanƙwasa ta za ta tsaya. Bayan gam ya kama sai a ɗora takardar awo a zana, a yanka da zarto, a bi kusurwoyin gaɓoɓin da gizago da makankari har bayan ya zama baka guda sumul, a kuma rage kauri wajen baki, a bar tsakiya inda hannu zai zauna da ɗan jiki.

Game da gam, muna da sa'ar cewa wani ma'aikaci na wancan zamani ya rubuta yadda ake yi. Wani ɗan zuhudu ne a ƙasar Jamus da ya kira kansa Theophilus, ya rubuta littafi kan sana'o'in hannu a farkon ƙarni na 12, lokacin da wannan garkuwa take tashe, kuma ya ambaci garkuwoyi tare da ƙofofi da alluna a cikin abubuwan da ake kankarewa a lulluɓe. Gam ɗinsa na cuku ne. A yayyanka cuku mai laushi ƙanana, a yi ta wanke shi da ruwan zafi a turmi ana zubarwa har ruwan ya fito garau, wato maiƙon ya fita. A tsoma shi a ruwan sanyi ya daskare, a niƙa shi lilis a kan allo, sannan a kwaɓa shi da ruwa da toyayyar farar ƙasa har ya yi kauri. Ya tabbatar cewa abin da aka haɗa da wannan gam, laima ko zafi ba sa raba shi, kuma ilimin zamani ya gaskata shi, domin irin wannan gam na madara an yi ta amfani da shi har a jikin jiragen sama na katako a farkon ƙarni na 20. Sai dai a kiyaye, toyayyar farar ƙasa tana cin fata, in ta faɗa ido tana iya makantarwa. A rufe hannu, a kare ido, a nisantar da yara.

Yanzu mun zo zuciyar aikin. Katakon da ke gabanmu a wannan mataki, in aka sare shi da ƙarfi, zai tsage daga sama har ƙasa, domin jijiyoyin itace hanya ɗaya suke bi, tsaga kuwa bin su take yi. Jijiyoyin fata a sarƙe suke, sun nufi ko'ina, ba su da hanyar da tsaga za ta bi. In aka manna fata a katako, sai katakon ya ba fatar tsayuwa, fatar ta hana katakon rabewa. Theophilus ya ce a yi amfani da ɗanyar fatar doki, ko ta jaki, ko ta sa. A jiƙa ta, a kankare gashin, a ɗan matse ruwan, a manna ta da gam ɗin cuku tun tana da danshi. Wanda bai taɓa riƙe jiƙaƙƙiyar ɗanyar fata ba zai yi mamakinta: sanyi, santsi, tana langaɓewa a hannu kamar jiƙaƙƙen zane, ana iya ja ta miƙe. A shafa gam a katakon ko'ina, a shimfiɗa ta daga tsakiya, a riƙa murzawa da tafin hannu ko sumul ɗin ƙashi zuwa baki, ana korar iska da rarar gam har babu kumburi ko ɗaya. Bayan 'yan kwanaki abin da ke langaɓewa ya motse, ya ɗame, ya yi tauri kamar ƙaho, in aka ƙwanƙwasa da yatsa sai ya amsa. Wannan motsewa ita ce alherin, domin tana matse filankan wuri guda. Ita ce kuma haɗarin, domin in fuska ɗaya kaɗai aka lulluɓe, fatar za ta ja katakon ta murɗe shi. Shi ya sa ake lulluɓe ciki da waje, a mayar da garkuwar kan mazauninta a ɗaure, a bar ta ta bushe a inuwa. Rana ko wuta za su busar da sama su bar ƙasa, aikin ya lalace. Jemammiyar fata ba ta yin wannan aiki, don jima laushi take kawowa, nan kuwa tauri ake nema. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu, domin barade a ƙasar Hausa da Buzaye a Azbin sun riƙe garkuwoyin fata zalla, ta sa ko ɓauna ko warwaji. Abin da Turawa suka yi dabam shi ne sa katako a tsakiya. In fata ta gagara, Theophilus ya halatta sabon ƙyalle da gam ɗin, kuma masu yi a yau sukan manna lilin hawa biyu ko uku.

Akwai hujjar da ta nuna mutanen da kansu sun san cewa ran garkuwa a fata yake. Sarki Athelstan na Ingila, wanda ya yi mulki daga 924 zuwa 939, ya sa a cikin dokokinsa cewa kada mai yin garkuwa ya lulluɓe ta da fatar tunkiya, wanda ya yi kuwa tararsa sule 30. A lokacin garkuwa mai zagaye ake yi, amma ƙa'idar ɗaya ce. Kowane baduku ya san fatar tunkiya: mai maiƙo ce, tana rabewa hawa-hawa, tana yagewa da wuri, ba ta kama ƙafar ta akuya ba balle ta sa. Amma da zarar an shafe ta da fenti, mai saye ba zai gane ba sai a fagen fama, inda ba a dawo da kaya. Sarki ba ya kafa doka da tara mai nauyi haka a kan ado. Ya kafa ta ne a kan abin da ya san rayukan mayaƙansa sun rataya a kai.

Baki shi ne inda sara ya fi sauka, musamman kan garkuwar, inda jijiyoyin katako suke a buɗe suna jiran tsaga. Sai a yanko ɗanyar fata doguwa mai faɗin santimita biyar, a jiƙa, a naɗe bakin da ita kewaye, a huda ƙananan ramuka tazarar yatsa biyu, a ɗinke da basilla da zare mai ƙwari. Garkuwoyin Gokstad suna da irin waɗannan ƙananan huda a kewayen bakinsu. Masu koyo da yawa sukan so su kewaye bakin da ƙarfe don ya yi kyan gani, amma nauyin da aka ɗora a nesa da hannu ya fi gajiyarwa, kuma busasshiyar fata tana yin aikin.

Ɗanyar fata tana da maƙiyi guda, shi ne ruwa. In ta sha laima sai ta koma laushinta na da. Don haka shafe da fenti wajibi ne. A dafa guntayen fatar da suka rage har ruwan ya yi danƙo, alamar ya yi ita ce in an tsoma yatsu biyu ya huce sai su manne. A dama shi da garin alli, a shafa siriri hawa biyu ko uku, kowane hawa ya bushe kafin na gaba, a goge sumul, a yi fenti, a rufe da mai ko kakin zuma. A ƙyallen Bayeux zanen dodanni da gicciye ake gani a garkuwoyi. Kafin ƙarni guda ya wuce zanen ya soma zama tambarin gida da ake gado, kamar zakokin zinariya a kan shuɗi da ke garkuwar Geoffrey na Anjou, wanda ya rasu a 1151, a hotonsa da ke birnin Le Mans.

Saura mariƙi. A nan jemammiyar fata ake so, don dole ta zauna da laushi. Kafin a huda ko'ina, a ɗora garkuwar a kwance a kan sanda a nemo inda nauyinta ya daidaita, hannu kuma ya zauna a nan ko ɗan sama kaɗan. In aka kuskure, tsinin zai riƙa rinjaya, wuyan hannu ya yi ta faɗa da shi. A kafa 'yar matashiya ta ƙyalle da aka cusa wa ulu ko auduga inda damtse zai kwanta, don bugun da ya ratsa katako kada ya karya ƙashi. A sa maɗauri ɗaya da hannu zai shiga, wani kuma da yatsu za su damƙa, a kafe su da ƙusoshin da suka ratsa katakon, a sa 'yan faranti ƙarƙashin kawunansu, a daddake bakin. Ɗige-ɗigen da ake gani a fuskar garkuwoyin Bayeux kawunan irin waɗannan ƙusoshi ne. Na ƙarshe shi ne dogon maratayi da ke zagaya wuya, wanda yake mayar da nauyin kan kafaɗa ya bar yatsun hagu su ji da linzami, in ana tafiya kuma a saɓa garkuwar a baya. Cibiyar ƙarfe da ake gani a tsakiyar wasu gado ce daga garkuwa mai zagaye, inda take rufe ramin da hannu yake riƙewa. A nan babu ramin, don haka barinta ba ya rage komai.

Wani zai ce, duk da wannan wahala ai garkuwoyin nan suna farfashewa, har ma kaɗan ƙwarai suka rage a duniya, ashe ba su da ƙarko ke nan. Gaskiya ne suna lalacewa, kuma itace da fata ba sa jure shekara ɗari takwas a ƙasa yadda ƙarfe yake yi. Amma ba don ta daɗe aka yi ta ba. An yi ta ne don ta sha bugun da aka nufi mai ita da shi. A ƙyallen Bayeux ana ganin garkuwoyi cike da kibau sun kafe, masu su kuwa suna tsaye suna faɗa. Kowace kibiya a nan rauni ce da bai kai ga jiki ba. Sulke aikin watanni ne, dokin yaƙi dukiya ce babba, garkuwa kuwa aikin 'yan makonni ce da kayan da ke kusa, ana canza ta in ta gama aiki. Abin dubawa shi ne yadda take lalacewa: marar fata takan rabe biyu a bugu ɗaya, mai fata kuwa ko katakon ya tsage a ciki tana nan a haɗe har a tashi daga fagen.

Ƙorafi na ƙarshe ya fi sauran ƙarfi. Yawancin masu yin wannan garkuwa a yau, don wasan kwaikwayo ko fim ko wasan tuna tarihi, siririn filawud biyu ko uku suke mannawa a kan mazauni su ɗaure, kwana biyu sun gama. Me zai sa a koma ga filankai da cuku? Ya kamata a ba wannan hanya haƙƙinta. Tana da arha, tana da sauri, kuma filawud shi kansa ƙa'idarmu yake bi, tunda hawa-hawansa an gitta jijiyoyinsu ne don kada tsaga ta samu hanya. Dabarar ma tsohuwa ce, domin garkuwar sojan Rum da aka tono a Dura-Europos ta ƙasar Siriya, ta ƙarni na 3, da siraran katako hawa uku da aka gitta aka yi ta. Wanda bukatarsa abin nunawa ce ya yi da filawud, babu laifi, muddin bai ce wa mai saye aikin mutanen ƙarni na 11 ne sak ba. Amma filawud kaurinsa ɗaya ne ko'ina, ba ya karɓar sassaƙar da ke rage nauyi wajen baki, kuma wanda ya saba da shi ba zai koyi goge gaɓa ba, ba zai san halin ɗanyar fata ba. Mai neman sana'ar, ba siffar kaɗai ba, ya yi ta hanyar filankai ko da sau ɗaya ne.

Ƙarshen wannan garkuwa ma ya ƙara tabbatar da maganarmu. Daga ƙarshen ƙarni na 12 zuwa na 13, mahaya suka samu safar sulke mai rufe ƙafa da kwalkwali mai rufe fuska baki ɗaya. Sannu a hankali aka daidaita kan garkuwar ya zama miƙaƙƙe, aka datse tsawonta, ta koma 'yar gajera mai kusurwa uku. Da zarar wani kaya ya ɗauke mata aikin tsare ƙafa da fuska, ba wanda ya yarda ya ci gaba da ɗaukar nauyin banza.

Kafin darasi na gaba, kowane rukuni ya samo guntayen katako biyu iri ɗaya, tsawon taƙi guda, kaurin santimita ɗaya. Ku bar ɗaya haka, ɗaya kuma ku manna masa ɗanyar fata ciki da waje, ko ƙyalle hawa biyu in fata ba ta samu ba, ku bar shi mako guda a inuwa. Ku auna nauyin kowanne ku rubuta. Sannan ku kafa su a kan gungume, kowa ya ja baya, mutum ɗaya ya sari kowanne sau ɗaya da adda guda bin jijiya. Ku kawo duka biyun aji yadda suka fito.